Man tsirrai na sufuri: ina bincike ya kamata ya dosa, kuma in karɓi tallafin "shukar da ba ta son taki ba ta son ruwa"?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da basira. Na kammala digiri na biyu a injiniyancin sinadarai, aikina a kan fitar da etanol (barasar da ake gaurayawa da fetur) daga karan amfanin gona ne, yanzu kuma ina rubuta takardar neman shiga digiri na uku. Abin da ke hana ni barci shi ne, kusan duk masana'antar etanol ɗin kara da na karanta labarinta a littattafanmu, in na bincika sai in tarar an rufe ta. Ga motoci masu lantarki suna ta ƙaruwa. Sai kuma wani mai kamfani ya kawo tayin tallafi, da sharaɗin in yi aiki a kan wata shuka da ya ce tana yi a ƙasar da ba ta noma komai, ba taki ba ban ruwa, kuma man da take bayarwa ba ya ƙara wa duniya hayaƙi ko kaɗan tunda daga tsiro ya fito. Ina tsoron in ɓata shekara huɗu a hanyar da ba ta ɓullewa. Ina bincike ya kamata ya dosa a wannan fanni? Kuma in karɓi tayin ko in bari?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Tsoronki yana kan hanya, gara ma da ya zo miki tun ba ki sa hannu a takarda ba. Fannin bai mutu ba. Tayin kuwa, a yadda aka kawo miki shi, kada ki karɓa. Zan daɗe a kan dalili, domin maganar da mutumin nan ya gaya miki ta fi kowace magana cinye kuɗi da filaye da shekarun ɗalibai a sana'armu.

Batun rufe masana'antu gaskiya ne. A 2007 Amurka ta kafa doka cewa zuwa 2022 za a riƙa amfani da galan biliyan 16 na man selulos, wato man da ake yi daga kara da itace da makamantansu, a shekara. Da 2022 ta zo, abin da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta iya wajabtawa galan miliyan 630 ne kacal, kuma mafi yawansa iskar gas ce ta juji da kashin dabbobi, etanol ɗin kara ɗan tsiriri ne a ciki. Kamfanin Abengoa ya buɗe tasa masana'antar etanol ɗin kara a Kansas a 2014, ba ta daɗe ba ta tsaya. DuPont ya buɗe a Iowa a 2015, ya rufe a 2017. POET-DSM ya buɗe a 2014, ya dakata a 2019, yana ɗora laifi a kan hukuma da ta riƙa yafe wa ƙananan matatun mai wajibcin gauraya etanol. Clariant ya fara aiki a Podari ta Romaniya a 2022, kafin ƙarshen 2023 ya sanar da rufewa. Kowace da nata ciwon, amma akwai wanda suka yi tarayya a kai, kuma ba a kwalbar gwaji yake ba.

Ke da kika yi aikin kara kin san abin da kika zuba a kwalba: an busar, an niƙe, an tankaɗe, an adana a leda. To ki tsaya a ƙofar masana'anta ki dubi dami guda da ya sauko daga tirela. Ya yi watanni a fili, bayansa ya sha rana, cikinsa ya sha ruwa ya yi fumfuna, fumfunar ta riga ki cinye wani kaso na sukarin da kike nema. Akwai yashi a ciki, akwai tsakuwa, akwai igiyar roba da aka ɗaure shi da ita. Yashin yana goge haƙoran na'urar da ke tura karan cikin tukunyar dahuwa, igiyar tana nannaɗe ƙarfe, jiƙaƙƙen zare yana toshe bututu. Damin da ke bayansa daga wata gona ya fito, laimarsa daban, tokarsa daban. Masana'antar DuPont an gina ta ne don ta ci tan 375,000 na karan masara a shekara, ta Clariant kuwa tan 250,000 na bambaro don ta ba da tan 50,000 na etanol. Wato tan biyar na kaya mai girma marar nauyi za a tattaro, a ɗauko, a tsare daga ruwa da gobara, kafin a samu tan ɗaya na mai. An yi lissafin riba bisa cewa injin zai yi aiki kusan kullum, shi kuwa injin yau ya tashi, gobe an tsayar ana yashe shi.

Batun motar lantarki ba sai na ja ba. Shuka tana mayar da kusan kashi 1 cikin 100 na hasken rana zuwa makamashin da za a girba, sau da yawa ma ƙasa da haka, faifan sola kuwa kusan kashi 20. Ƙaramar mota ta tafi wa lantarki, kada ki kashe kanki a kanta. Amma kilo guda na man jirgin sama yana ɗauke da makamashi fiye da ninki 40 na kilo guda na batiri, saboda haka jirgin da zai tsallake teku, da jirgin ruwan dakon kaya, da wasu manyan motoci masu cin dogon zango, za su daɗe suna neman mai na ruwa. Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 cikin 100 na mai mai tsabta, wanda ba daga ɗanyen man fetur ya fito ba, a jiragen sama daga 2025, kashi 6 a 2030, kashi 70 a 2050. A 2024 abin da duniya gaba ɗaya ta samar wajen tan miliyan ɗaya ne, kashi 0.3 cikin 100 na man da jirage suka sha. Masu saye suna nan, kayan ne babu.

Yanzu ga mutuminki. Wannan waƙa mun ji ta, har amshinta mun haddace. Shekara ashirin da suka wuce bini-da-zugu ne aka yi wa ita, kalma da kalma: tana yi a ƙasar banza, ba ta son ruwa, dabba ba ta cin ta, ba ta gogayya da abinci. Indiya ta tsara gagarumin shiri a kanta a 2003. Gwamnatin soja ta Myanmar ta tilasta wa jama'a shuka ta daga ƙarshen 2005. Kamfanin mai na BP ya shiga haɗin gwiwa da kamfanin D1 Oils a kanta a 2007, ya fice a 2009. A Tanzaniya, kamfanin Sun Biofuels ya karɓi hekta kusan 8,000 a gundumar Kisarawe, ya durƙushe a 2011, ƙauyukan da suka ba da filin suka tashi ba fili ba aiki. Ba annoba ce ta faɗa wa shukar ba. Abin da duk mai ilimin tsirrai ya sani ne ya tabbata: shuka ta rayu a busasshiyar ƙasa abu ɗaya ne, ta ba da 'ya'ya masu yawa wani abu ne daban. Bini-da-zugu in ya rasa ruwa sai ya zubar da ganye ya yi likimo, ba ya mutuwa, ba ya kuma haihuwa. In kina son mai sai kin ba shi ruwa da taki da ƙasa mai kyau, in kuwa kin ba shi waɗannan, to kin zauna a filin abinci ke nan, alkawarin farko ya rushe. Ga shi a lokacin ba a gyara irinsa ba, bishiya biyu a jere ɗaya ta yi 'ya'ya ɗaya ta ƙi. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci guda, sai an bi da hannu ana tsinka. Tunkuzar da ta rage bayan matsa tana da guba, ba a ba dabba. Duk wannan ana iya gano shi da gonar gwaji ta 'yan shekaru, amma aka shuka dubban hektoci kafin a auna.

Shi man nan kitse ne, kitse kuwa shuka ba ta ƙaga shi daga iska kawai. Sai ganye ya buɗe ƙofofinsa ya shaƙi kabon, kuma duk buɗewa ruwa yana fita. Babu shukar da ta kuɓuta daga wannan ciniki. Wasu sun fi wasu tattalin ruwa, haka ne, kuma bincike a kansu halal ne. Amma wanda ya ce miki ba taki ba ruwa ga kuma mai tuli, ko dai bai taɓa auna gona ba, ko ya auna ya ɓoye.

Ita kanta "ƙasar da ba ta noma komai" ki tambaya: a idon wa? Hoton tauraron ɗan Adam da aka ɗauka da rani yana nuna fili fayau. Ba ya nuna makiyayin da ke bi ta nan wata uku a shekara, ko masu itacen girki, ko gonar da aka bari ta huta. A takardar ofis ana rubuta "ba mai shi", a ƙasa kuwa kowane taku da mai shi.

Rabin maganarsa na biyu, wai ba hayaƙi tunda daga tsiro ne, ita ce ta fi ba ni haushi, don har masu digiri suna maimaita ta a taro ba kunya. Lissafin nasu shi ne shuka ta zuƙi kabon, injin ya mayar, an yi canjaras. To kabon da ke cikin ƙasa da itatuwan da aka share kafin a shuka fa? A 2008 mujallar Science ta buga ayyuka biyu da suka girgiza fannin. Na Joseph Fargione da abokansa ya lissafa bashin kabon da ake ci ranar da aka share fili: rake a dajin Cerrado na Birazil shekara 17 kafin ya biya, masara a filin ciyawa na Amurka shekara 93, kwakwar manja a dajin fadama mai ruɓaɓɓiyar ƙasa na kudu maso gabashin Asiya fiye da shekara 400. Na Timothy Searchinger ya nuna ko ba ki share ko bishiya ɗaya ba, in kin karkatar da gonar abinci zuwa mai, wani a wata nahiya zai share daji ya cike gurbin, kuma hayaƙin nan naki ne. A 2022 Tyler Lark da abokansa suka fitar da lissafin da ya ce etanol ɗin masara na Amurka bai fi fetur tsabta ba, wataƙila ma ya fi shi hayaƙi da aƙalla kashi 24 cikin 100. Wasu masana sun yi jayayya da adadin, jayayyar ma ba ta ƙare ba, amma ki lura, gardamar a kan yawan hayaƙin ake yi, babu mai hankalin da ya ce sifili ne. Sannan ga taki: wani ɗan kaso na naitirojin da aka zuba yana tashi a matsayin iskar naitiros oksaid, wadda ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na kabon sau 273. Ga dizal ɗin tarakta, ga na tirela, ga wutar tukunya.

Wannan ƙarya tana da ƙanwa, kuma ita ta fi kusa da ke, saboda haka ki saurara. Ita ce cewa shara kyauta ce. Kara ba shara ba ne a wurin ƙasa. Shi ke rufe ta daga zaizaya, shi ke ruɓewa ya mayar mata da kabon da sinadaran da amfanin gona ya zuƙa. A kwashe shi duka shekara da shekaru, ƙasa ta rame, manomi ya ƙara taki, lissafin hayaƙi ya juye. A wurare da yawa ma abincin dabbobi ne. Kuma ranar da masana'anta ta fara saye, abin da ake ƙonawa jiya ya samu farashi, banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka tsohon man suya. Mafi yawan man jirgin da ake kira mai tsabta a yau daga shi da kitsen dabbobi ake yi, kuma adadinsu a duniya ƙayyadadde ne, ba a soya abinci don jirgi ya tashi. Da Turai ta ba shi daraja ta musamman a dokarta, har ana lissafa shi ninki biyu, sai tsohon mai ya zo yana fin sabo tsada a wasu lokuta. Kowa ya san abin da zai biyo baya: zargin ana haɗa sabon manja ana sayarwa da sunan tsoho, da bincike, da ƙwace takardun shaida. Tsarin tantancewar kuwa yawancinsa takarda ce ke duba takarda. Jami'i ya zo ya ga fayil ya cika, ya buga hatimi, bai ɗebi ko cokali ɗaya na man ya kai ɗakin gwaji ba.

To ina ya kamata bincike ya dosa? A ganina abu na farko shi ne wanda ba ya kawo lambar yabo: kayan da ake zubawa a injin, a yadda suke zuwa daga gona. Muna buƙatar hanyar auna laima da toka da sukarin kowane dami cikin minti ɗaya a bakin ƙofa. Muna buƙatar sanin ko ya fi a wanke, a tsabtace, a dunƙule karan a ƙananan cibiyoyi kusa da gonaki, a kai wa masana'anta kaya iri ɗaya mai nauyi. Muna buƙatar dahuwar farko, wato wadda ke tausasa kara kafin a fitar da sukarinsa, da ke jure datti, da gwaji na dubban sa'o'i ba tsayawa, da kaya na gaskiya, ba gwajin kwana biyu da garin kara ba. Ki duba Birazil: kamfanin Raízen ya buɗe sabuwar masana'antar etanol ɗin selulos a Guariba a 2024, lokacin da wasu suka riga suka naɗe tabarma. Babban abin da ya taimake shi, tuƙar rake tana nan tsibi a harabar kamfanin sukari, an riga an kawo ta, an riga an matse ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki inda nauyin yake. Haɗe da wannan akwai tambayar kaso nawa na kara za a iya ɗauka ba a cutar da ƙasa ba, kuma amsar ta bambanta daga ƙasa mai yashi zuwa mai laka. Ba a samun ta sai da gonar gwaji ta shekaru da awon kabon na ƙasa, abin da masu ba da tallafi ba sa son ji.

Na biyu, kuma nan nake ganin ke za ki fi dacewa, lignin, wato sinadarin da ke ba kara da itace tauri. Kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na karan da kika saya shi ne, kuma har yau ƙona shi ake yi a tukunya. Tsofaffin fannin suna yi masa ba'a cewa komai ana iya yi da shi ban da kuɗi. Amma ki haɗa shi da wata matsala. Ƙa'idar man jirgi ba ta yarda a gauraya fiye da rabi na irin man da muke yi ba, kuma babban dalili shi ne namu ba shi da sinadarai masu zobe waɗanda ke kumbura robobin da ke toshe mahaɗar bututun jirgi don kada mai ya yoyo. Jirgin Virgin Atlantic da ya tashi daga Landan zuwa New York a Nuwamban 2023 da irin man namu zalla, sai da aka haɗa masa kashi 12 cikin 100 na irin waɗannan sinadarai da aka ƙera daga sukarin tsirrai. Lignin kuwa zobban nan ne jikinsa gaba ɗaya. Yadda za a warware shi ba tare da ya sake dunƙulewa ya zama gawayi ba, da yadda za a fitar da shi tun a dahuwar farko bai lalace ba, tambaya ce da ta kai shekara huɗun mutum.

Sauran zan bi su da sauri. Duk hanyar da ke mayar da tsiro man jirgi sai ta cire oksijin, cirewar kuma sau da yawa da haidurojin ake yi, wanda mafi yawansa a yau daga iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Rage yawan haidurojin da ake ci, da samar da katalis (abin da ke hanzarta sauyin sinadarai) wanda fotasiyam da sauran gishirin tsiro ba sa kashewa da wuri, aiki ne babba. Mayar da itace ko shara gas sannan a haɗa mai daga gas ɗin tsohuwar dabara ce, amma kwalta da datti a cikin gas ɗin har yau ba a gama da su ba. Kamfanin Choren a Jamus ya durƙushe a 2011, Fulcrum a Amurka a 2024. Ilimin etanol ɗinki bai tafi a banza ba, domin an amince da mayar da etanol man jirgi, kuma LanzaJet ya buɗe masana'antar yin haka a Soperton ta jihar Jojiya a 2024, a harabar da kamfanin Range Fuels ya rufe a 2011. Sannan wanda zai samar da gwaji mai sauƙi da zai bambance tsohon man suya na gaskiya da sabon manja da aka yi wa kwalliya, ya yi wa fannin hidimar da ta fi takardu ɗari.

Inda ba zan tura ki ba: gyaran yisti da enzayim, wato abubuwan da ke warware kara ya zama sukari, sukarin ya zama etanol. Tun shekarun 1990 Nancy Ho ta jami'ar Purdue ta samar da yistin da ke cin zailos, wani sukarin kara da yisti na yau da kullum ba ya ci, kuma yau manyan kamfanoni ne ke riƙe da wannan fage da ɗaruruwan ma'aikata. Fitar da mai daga gansakuka ma haka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta yi bincike a kanta daga 1978 zuwa 1996 ta ajiye, ExxonMobil ya sanar da shirin dala miliyan 600 a 2009, ya janye bayan fiye da shekara goma. Lita guda ta ruwan kududdufin noma sau da yawa ba ta ɗauke da ko giram ɗaya na gansakukar, raba ta da ruwan yana cinye makamashin da ake nema.

Laifin duk wannan ba na 'yan damfara kaɗai ba ne. Ofisoshin tallafi suna ba da kuɗin shekara uku, alhali ciyawa mai daɗewa ko bishiya sai a shekara ta uku take fara nuna abin da za ta iya. Fom ɗinsu yana tambayar "mene ne sabo a aikinka", ba ya tambayar ko zai yi aiki a tan dubu. Takardun neman tallafi da ke zuwa teburina, da yawa shafin farko ya cika da yabon shuka, shafin lissafin fili da ruwa kuwa babu shi sam. 'Yan majalisa su zauna su rubuta adadin galan na shekara goma sha biyar masu zuwa kamar injin yana jin doka. Wanda gwajinsa ya gaza kuma ya yi shiru, mujalla ba ta so, mai kuɗi ba ya so, sai ɗalibi na gaba ya sake faɗawa ramin da wani ya riga ya auna zurfinsa.

Shi mutumin naki, ki koma masa da ladabi ki nemi abu huɗu a rubuce. Nauyin abin da aka girba aka ɗora a sikeli, a kowace hekta, daga filin da ba a yi wa ban ruwa ba, na shekaru a jere, har da shekarar fari. Sunan wanda ya yi awon, kuma ya zama ba ma'aikacinsa ba. Bayanin waɗanda ke amfani da filin a yanzu, da abin da ke tsiro a kai. Sai sharaɗi a cikin yarjejeniya cewa kina da ikon buga sakamakonki ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba. In ya yarda, ki sauya taken aikin ya zama auna ko da'awar tasa gaskiya ce, da cikakken lissafin hayaƙi daga gona har salansa, wannan digiri ne mai kyau ko shukar ta ci ko ta faɗi. In ya fara cewa bayanan sirrin kamfani ne, ki gode masa, ki koma kan lignin ɗinki. Ko ma ya yarda da baki, kada ki sa hannu sai malamin da ke duba aikinki da lauyan jami'a sun karanta sakin layin da ya yi magana a kan buga sakamako.